Na tura labarin barkwanci a zaton gaskiya ne, yanzu ana nemana a caji ofis

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a jihar Kano. Na ga labari a wani shafin Facebook na magoya bayan jam'iyyarmu cewa shugaban ƙaramar hukumarmu ya ce akuya ta cinye takardun kuɗin albashin malaman firamare. Na tura shi guruf ɗinmu na WhatsApp, na kuma sa a shafina, na rubuta a sama: "Ga ɓarawon nan, Allah Ya tona asirinsa." Ashe wani shafin barkwanci ne ya ƙirƙira, shafin jam'iyyar ya yanke inda aka rubuta "wasa ne" ya wallafa kamar labari. Yanzu lauyan ciyaman ya aiko mini da takarda, in ba da haƙuri cikin kwana 7 in kuma biya naira miliyan 50. An kuma kira ni a waya wai in zo caji ofis. Tunda ba ni na rubuta ba, akwai laifi a kaina? Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka raina maganar nan, kada kuma ka firgita. Abubuwa biyu ne a gabanka: takardar lauya hanya ce ta ƙarar neman diyya, kiran 'yan sanda kuma hanyar shari'ar laifi. Hujjar da za ta fitar da kai a ɗaya ba lallai ta yi maka aiki a ɗayar ba.

"Ba ni na rubuta ba" bai wanke ka ba. A dokar ɓata suna, duk wanda ya maimaita magana ya isar da ita ga wani, ya zama mai wallafawa. Kowace turawa wallafa ce sabuwa. Wanda aka ɓata wa suna shi ke zaɓen wanda zai kai ƙara, kuma yakan zaɓi wanda ke da suna da shago da adireshi, ya bar shafin da ba a san mai shi ba. A Babbar Kotun Jiha, ciyaman zai tabbatar cewa maganar ta kai ga wani mutum ban da shi, cewa shi ake nufi, kuma tana zubar da mutuncinsa a idon mutanen kirki. Ba sai ya nuna kana da mugun nufi ba. Kotu na tambaya ne: me mai hankali, wanda ba mai neman sharri ba, zai fahimta idan ya karanta?

Wannan tambayar ce ke raba ka da mai shafin barkwancin. Shi yana da abin faɗa: ya rubuta cewa wasa ne, mabiyansa sun san sana'arsa, don haka mai hankali ba zai ɗauka labari ba ne. Kai abin da ka tura babu wannan alama a jikinsa. Wani lauyan zai ce ai kowa ya san akuya ba ta cin albashi, amma ban ba ka shawarar jingina da wannan ba. A ƙasar nan, a 2018, wata ma'aikaciyar ofishin JAMB na Makurdi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36, kuma da gaske ta faɗi hakan. Mai karatun da ya ga wancan zai iya gaskata na akuya. Kai ma ka gaskata, sharhinka shaida ne.

Sharhin nan shi ne ya fi damuna. Labarin akuya na wani ne, amma "ɓarawo" kalmarka ce, kuma jingina wa mutum sata jingina laifi ne. Doka ta yarda da kariyar sharhi na adalci a kan al'amarin jama'a, da sharaɗin a gina sharhin a kan abin da ya tabbata. Naka an gina shi a kan ƙirƙira, don haka wannan kariya da wuya ta tsaya. Kariyar "gaskiya na faɗa" kuwa sai ka kawo hujjar satar da kanka. Idan akwai malaman da ba a biya ba da gaske, wannan ya halatta maka ka ce ba a biya albashi ba, bai halatta maka ka ce an sace ba.

Miliyan 50 ɗin kada ta hana ka barci. Adadin da lauya ya rubuta buƙata ce ta mai ƙara. Alƙali ne ke yanke diyya, bayan ya duba yawan waɗanda maganar ta kai gare su, da matsayin mai ƙara, da abin da ka yi bayan ka gane kuskure. Janyewa da wuri na rage diyya sosai. Barin rubutun a shafi bayan takardar lauya ta iso na ƙara ta.

Ɓangaren laifi ya fi gaggawa domin shi ne ke taɓa 'yancinka. A Arewa ɓata suna har yanzu laifi ne. A dokar Pinal Kod, wato dokar laifuka ta jihohin Arewa, sashe na 391 ya bayyana shi, sashe na 392 ya tanadi ɗauri har shekara 2 ko tara ko duka biyun. Sashe na 393 yana magana a kan yaɗa ƙarya mai cutarwa, 'yan sanda kuma sukan haɗa da sashe na 114 na tunzura jama'a. Lambobin sassan kan bambanta a jihohin da suka sake tsara dokarsu, kamar Kaduna a 2017. Da a ce maganar ta taɓa zina, sai ta koma ƙazafi a kotun shari'ar Musulunci, mai haddin bulala 80; taka ba ta kai nan ba.

A nan abin da ka sani lokacin turawa yana da nauyi. Sashe na 393 ya ba da mafita ga wanda ke da dalili mai ma'ana na ɗaukar maganar gaskiya ce, sai dai nauyin kawo wannan dalili a kanka yake. Haka ma kariyar sukar jami'in gwamnati da kyakkyawar niyya: Pinal Kod ba ta ɗaukar abu a matsayin kyakkyawar niyya idan ba a yi taka-tsantsan da lura ba. Wato za a tambaye ka: daga ina ka samo, kuma me ka yi don ka tabbatar?

Amsar "a shafin 'yan jam'iyyarmu na gani" mai rauni ce. Lauyan ciyaman zai buɗe shafin a gaban alƙali, ya nuna babu sunan edita, babu adireshi, babu sunan wakilin da ya rubuta, babu ranar da ciyaman ya yi maganar ko wurin da ya yi ta, kuma duk abin da ke shafin yabon ɓangare ɗaya ne da zagin ɗaya, irin aikin sojojin baka. Sai ya tambaye ka ko ka ji labarin a wani gidan rediyo na Kano, ko ka gan shi a wata jarida mai suna, ko ka duba wurin masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check. Da a jarida mai edita da ofis ka gani, ka tura kamar yadda yake, da hujjarka ta fi haka ƙarfi, ko da jaridar ce ta yi kuskure. Manyan kafofi ma sun taɓa faɗawa: a 2012 shafin jaridar People's Daily ta gwamnatin Sin ya ɗauki barkwancin The Onion ta Amurka a kan Kim Jong Un ya buga a matsayin labari. Abin da ke taimakonka shi ne an yanke alamar wasan kafin abin ya iso hannunka. Wannan yaudara ce aka yi maka, kuma tilas ka iya nuna ta da hoto.

Za a iya yi maka barazana da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, mai tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Da yawa ba su san an gyara sashen a watan Fabrairun 2024 ba, bayan kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. An cire kalmomin nan masu faɗi na "ɓata rai" da "cin mutunci". Yanzu sai an tabbatar ka san saƙon ƙarya ne, kuma ka tura shi don ka jawo karyewar doka da oda ko barazana ga rai. A yadda ka bayyana, ban ga yadda wannan sashe zai kama ka ba, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'arsa. Amma ka lura: daga ranar da ka san wasa ne, idan ka sake turawa, ka tura abin da ka san ƙarya ne.

A ra'ayina bai dace mai riƙe da muƙamin jama'a ya sa 'yan sanda a maganar da kotun diyya za ta iya warwarewa ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi makamancin haka tun 1983 a shari'ar Arthur Nwankwo, wanda ya soki gwamnan Anambra na lokacin, Jim Nwobodo: wanda suka ta yi wa zafi ya shigar da ƙarar ɓata suna. Sashe na 39 na tsarin mulki, mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki, shi ma yana goyon bayanka. Sai dai ra'ayina ba zai hana a tsare ka ba. A Nuwamban 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje. Sun amsa laifi ne, shi ya sa ba a kai ga auna ko wasa ne ko ba wasa ba.

Yau ɗin nan, kafin ka goge komai, tara shaida. Ɗauki sikirinshot na asalin rubutun a shafin barkwancin, inda alamar wasan da ranar suka fito. Ɗauki na shafin jam'iyyar, yadda suka yanke. Kwafi adireshin kowane rubutu, domin da zarar sun ji an shiga kotu za su sauke. Ɗauki naka rubutun da lokacinsa, da saƙon wanda ya fara gaya maka wasa ne, saboda shi ke nuna lokacin da ka sani. Kada ka sayar da wayar ko ka wanke ta: sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 na buƙatar takardar shaidar na'urar da aka ciro bayanin daga cikinta, kuma rashinta kan sa kotu ta ƙi karɓar hotunan. Bayan haka ka mayar da rubutun Facebook yadda kai kaɗai ke gani, ya fi gogewa gaba ɗaya. A WhatsApp damar goge wa kowa ba ta wuce kamar kwana biyu, don haka sai gyara.

Gyaran ya fita a duk inda maganar ta fita, gajere, lauyanka ya duba kafin ka saka. Misali: "Labarin da na tura ranar kaza game da shugaban ƙaramar hukuma ba gaskiya ba ne, barkwanci ne aka cire wa alama. Na janye shi tare da kalaman da na ƙara a kai, ina roƙon kada a ci gaba da turawa." Kada ka ƙara "amma dai kowa ya san halinsa". Wannan jimla ɗaya na rusa janyewar, ta zama sabon ɓata suna. Kada kuma ka yarda a ɗauke ka bidiyo a caji ofis kana cewa "na ƙirƙiri ƙarya", alhali ba kai ka ƙirƙira ba.

Takardar lauyan a amsa ta kafin kwana 7 su cika, ta hannun lauya, a matsayin wasiƙar neman sulhu. Sashe na 196 na dokar shaida ya hana kawo irin wannan wasiƙa a matsayin hujja a kanka a ƙarar diyya idan an yi mata alamar da ta dace kuma sulhun ya wargaje. Dattijan unguwa ko shugabannin kasuwa na iya shiga tsakani, kuma sau da yawa su ke kashe wutar. Amma duk abin da aka cimma a rubuta shi, a sa hannu, ya ƙunshi janye ƙorafin da ke wurin 'yan sanda da alkawarin ba za a shigar da ƙara ba. In an riga an shiga kotu, a kai yarjejeniyar alƙali ya mayar da ita hukunci.

Caji ofis kuwa ka je, kada ka ɓuya, amma da sharuɗɗa. Nemi sunan ofishin da na jami'in, in da hali takardar gayyata. Ka je da safe, a farkon mako, tare da lauya da mai tsaya maka riƙe da katin shaidarsa da hotunan fasfo. Wanda ya je da yammacin Juma'a kan kwana har Litinin. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya, ya kuma wajabta a kai ka kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko awa 48 idan babu. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama ɗan'uwanka ko matarka a madadinka. Kada ka sa hannu a bayanin da aka rubuta da Turanci sai an karanta maka shi da Hausa ka yarda. Idan aka karɓi wayarka, a rubuta an karɓa. In aka gurfanar da kai, majistare zai karanta takardar tuhuma ya tambaye ka ko gaskiya ne. "E" a nan na iya zama hukunci nan take, don haka kada ka amsa don wani ya ce maka za a sallame ka. Idan ba ka da kuɗin lauya, je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa. In aka tsare ka fiye da ƙa'ida, lauya zai shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam a Babbar Kotu, inda za ka iya samun diyya.

Shafin da ya yanke alamar ya fi kowa laifi a wannan magana. Idan ka san mai shi, ba lauyanka sunan da hotunan, zai iya neman a shigo da shi cikin ƙarar diyya don ya ɗauki nasa kason, zai kuma nuna wa 'yan sanda inda ƙaryar ta faro. Kada ka kira shi ko ka yi masa barazana da kanka. Admin ɗin guruf ɗinku kuma ka sanar da shi yau, ya goge abin da zai iya gogewa, ya maƙala gyaranka a saman guruf, ya kuma gargaɗi 'yan guruf cewa duk wanda ya sake turawa zai amsa da kansa.