Sarin kayan ado da na kyauta a baje kolin Guanzu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan jere da na kyautar biki a Kasuwar Sabon Gari. Ina son zuwa baje kolin Canton da ake yi a birnin Guanzu na Sin in yi sari da kaina. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sau biyu ake wannan baje koli a shekara, kuma zango uku ne. Naki shi ne na biyu, daga 23 zuwa 27 ga Afrilu, ko 23 zuwa 27 ga Oktoba. Nan ake baje tangaran, gilasai, agogon bango da furen roba. Ki yi rajista ta intanet tun kina Kano, takardar gayyatar za ta taimaka wajen biza.

Ki sani samfur kawai kamfanoni suke nunawa, oda ake bayarwa. Kowane kamfani yana da mafi ƙarancin adadin da zai ƙera, sau da yawa ɗaruruwa a kala guda. In jarin bai kai ba, kasuwar Yiwu, wani birni a Sin, ta fi miki, can ana sayar da katan-katan.

Farashi kuwa, kada ki tsaya kan na guda ɗaya. Tambayi guda nawa ke katan da girman katan ɗin, domin da girma ake lissafin kuɗin jirgin ruwa. Furen roba ba nauyi, amma cin wuri gare shi, ribar sai ta ƙare a dako. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin mita kubik 28.

Akan biya kashi 30 kafin alƙalami, sauran bayan an duba kaya. Tangaran dai a rubuta yadda za a naɗe shi, don hanyar Legas zuwa Kano ba ta raga masa. Ki buɗe Form M, takardar shigo da kaya Najeriya, a bankinki kafin a yi lodi.