Majigina yana mutuwa ana tsakiyar wasa, kyamarar zafi kuma ta nuna ja

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ina da gidan kallon ƙwallo a Kurna, majigin da muke haskawa in an kunna lafiya lau, amma kafin a je hutun rabin lokaci sai jar fitila ta kama ya mutu da kansa. Wani yaro ya zo da 'yar kyamarar nan da ake maƙalawa a waya mai nuna zafi, gefe ɗaya ya yi jawur, yace wai ƙwan ne zai fashe. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar jan nan ya tayar maka da hankali tukuna. Ita kyamarar duk abin da ya fi zafi a gabanta shi take shafa wa ja, ko kofin shayi ka ajiye kusa da randa ja zai fito, don haka lambar digirin da take rubutawa ita ce abin dubawa. Kuma bata ganin ciki, zafin fatar robar waje kawai take karantawa, ko gilashi ma bata ratsawa. Ƙarfe mai ƙyalli kuwa ƙarya yake mata don zafin abin da ke kusa yake maido mata kamar madubi, sai ka liƙa ɗan baƙin salatif na masu wayarin a wurin ka auna a kansa.

Gefen da ya yi ja kusan na tabbata mafitar iska ce, kuma dole tayi zafi. Ƙwan irin wannan majigi, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1995, tururin makuri, wato zaiba, ne a matse cikin ɗan gilashi da matsin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, jikin gilashin yana kai wajen digiri 900. To ina wannan zafin zai je in ba fanka ta turo shi waje ba? Ni in naga mafita bata yi zafi ba ma shine nake jin tsoro.

Ga abin da nake so kuyi. Ku ɗauki hoto kafin a kunna, sannan a minti 5, da 15, da 30, daga wuri ɗaya, kar dai a tsaya gaban hasken. Majigi mai lafiya zafinsa yana hawa da sauri da farko, sai ya lafa ya tsaya wuri ɗaya wajen rabin awa. Wanda ya ci gaba da hawa ba tsayawa, iska ce bata ratsa shi.

Sannan ku juya ku auna inda yake shaƙar iskar, nan ne mutane basa dubawa wallahi, kuma nan ciwon yake. Yawancin majigai an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, mu kuwa a Kano watan Afrilu ko a inuwa ana haura 40, balle an rataye shi dab da kwano ga mutum ɗari a ƙasa suna ihu. Na taɓa sauke wani a gidan kallo, an sa shi cikin kejin katako don ɓarayi, iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa, da na zaro sosan tace ƙurar kuwa, ƙurar hunturu ta daskare a kai kamar bargo har sai da na kankare da yatsa. Mai wurin ya riga ya sayi sabon ƙwai a banza, abin ya bani tausayi sosai.

Ka wanke sosan ya bushe sarai, ka sauko da majigin nesa da kwano, ka bar masa fili ta kowane gefe. A saitinsa akwai wanda aka yi don wurare masu tudu, yana ƙara wa fanka gudu, kunna shi ko da zai ɗan yi ƙara. In an tashi kuma kar yara su kashe janareta sai fankar ta tsaya da kanta. In duk kayi wannan lambar bata daina hawa ba, to mai yiwuwa fanka ɗaya ce ta mutu a ciki, sai a buɗe a duba, in ita ce a canja ta.