Amsar Kawu kan kasuwar Chichicastenango

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya kai ka Gwatemala lafiya. Ka ce za ku hau Chichicastenango cin kasuwa, kana tambaya yadda ake ciniki a can, da ko baƙo zai iya ɗaukar hoto yadda ya ga dama.

Cinikin ba wuya. Kasuwar tana ci Alhamis da Lahadi, kuɗinsu ketsal ne, ka tanadi canji. A rumfunan saƙa ana tayawa, amma wurin mai tumatir ko masara kada ka tsaya jayayya, ba don baƙi ta kasa kayanta ba. Rigar matansu, huipil, in ta hannu ce saƙarta kan ci watanni, to kada ka yi mata tayin wulaƙanci. Ka riƙe rigar sanyi, garin yana kan tudu kusan mita 2,000.

Maganar hoto ce nake so ka ji da kunnen basira. A bakin kasuwar akwai cocin Santo Tomás mai matakala 18, kowace tana madadin wata ɗaya mai kwana 20 a kalandar mutanen Maya. A ƙarni na 16 aka gina shi bisa tsohon wurin bautarsu, kuma har yau 'yan ƙabilar K'iche', wani reshe na Maya, suna ƙona turaren kopal a kan matakalar. Ran da na je, na tarar da wani dattijo a durƙushe yana kaɗa gwangwanin garwashi, hayaƙi ya turnuƙe, masu furanni na zaune kewaye da shi. Ina ɗaga kyamara wata tsohuwa ta watso min kallo ɗaya, ban san sanda na cusa kyamarar a jaka ba. Baƙo ta ƙofar gefe yake shiga cocin, a ciki kuwa ba a ɗaukar hoto sam.

Yara kam ka ƙyale su. A shekarar 2000, a garin Todos Santos Cuchumatán, jita-jitar satar yara ta sa taron jama'a suka kashe wani Bajapane ɗan yawon buɗe ido da direban motarsu. Ba tsorata ka nake ba, Chichicastenango ta saba da baƙi. Ka dai nemi izini, in an ƙi ka wuce. Wadda ka saya wa kaya sau da yawa takan yarda.

Ka yi sammako kafin motocin baƙi su iso, walat a aljihun gaba saboda cunkoso. Innarka ta ce kada ka dawo mata ba mayafi.