Sankarar huhu ga wadda ba ta taɓa shan taba ba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce likita ya gano sankarar huhu a jikinta alhali ko warin taba ba ta so, kina tambaya ko iskar da muke shaƙa na iya jawo wannan. Tana iyawa. Na yi shekaru ina aiki da masu tarin fuka a nan Bauchi, kuma irin wannan ya taɓa shigowa har cikin gidanmu.

Taba ce kan gaba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar daga ita ne. Ragowar kuwa, galibi sai an duba inda mutum ya zauna da abin da ya daɗe yana shaƙa. Tun 2013 cibiyar binciken sankara ta hukumar ta saka gurɓatacciyar iskar waje cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, hayaƙin dizal kuma tun 2012. Abin tsoron shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda ido ba ya gani. Gashin hanci ba ya tare su, sai su zarce can ƙasan huhu su zauna, su yi ta gurzar wurin shekara da shekaru.

Idan aka ce gurɓatar iska, mu sai hankalinmu ya tafi kan masana'antu da manyan birane. Ni wanda na fi tsoro yana cikin madafi.

Goggona ta fi shekara talatin tana tuyar masa a wani zaure a Jahun. Kafin kiran assalatu ta hura wuta, da damina itace ɗanye, sai ta haɗa da leda don ya kama. Zauren ba taga. Kunkunniya ta mayar da rufin baƙi ƙirin, idan ta cire ɗankwali sai ka ji ƙauri, idanunta kullum jajur suna hawaye. Da ta fara tari muka ce sanyin hunturu ne. Da ta fara rama, ga jini a kaki, muka ce tarin fuka ne, kuma ni ce na fi kowa nacewa a kan haka, duk da gwajin kaki bai nuna komai ba. Wata shida tana shan magani. Kafin a yi mata hoton da ya nuna gaskiya, abin ya riga ya bazu. Har yau yana cina a rai.

Daga baya na karanta labarin Shuwanwei, wani yanki a lardin Yunan na ƙasar Sin. Matan wurin kusan ba sa shan taba, amma suna cikin waɗanda cutar ta fi kamawa a ƙasar, saboda girki da kwal mai hayaƙi a ɗakin da ba mafita. Da gidaje suka koma murhu mai bututun fitar da hayaƙi, cutar ta ragu sosai. Hayaƙin kwal an tabbatar da shi, na itace kuma an sa shi a sahun da ake kyautata zaton yana haddasawa. Ga wanda ya taɓa tsayawa a zauren Goggo, wannan ya isa gargaɗi.

Ki ƙara da janareta a bakin taga, ƙona bola a lungu, salansar tirela a fuskar masu talla, da ƙurar da masu fasa dutse ke sha ba takunkumi. Da hunturu hazo kan danne duk wannan a ƙasa.

Masu cewa ciwon Turawa ne, a ganina rashin gwaji ne ke ruɗarsu. Inda ake da na'ura da rajista, can ake ƙirgawa. Mu kuwa a nan, da yawa ana binne su da sunan tarin fuka ko sammu.

Yanzu ki tattara duk hotunan ƙirjin Mama, tsofaffi da sababbi, ki riƙa zuwa da su. Ki tambayi likitan wane mataki cutar take, kuma ko an ɗebi tsoka an gwada, don da wannan ake zaɓar magani. Kada a bar asibiti don an samo na gargajiya.

Sannan ki dubi mai yi muku girki a yau. A fito da murhu tsakar gida ko a fasa taga sama, a busar da itace, a daina hura wuta da leda, a sauke goyo kafin a shiga hayaƙi. In da hali a koma gas, ko na dafa abincin safe ne kawai. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu a gidan ya je gwaji, in kaki bai nuna komai ba kuma tarin bai tsaya ba, ku nemi a yi hoto, kada ku jira wata shida kamar mu.