Hukuncin Raba Marayu a Gidajen Dangi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da iyayenmu suka rasu, ana share makoki dangi suka raba mu uku. Ni ina wurin goggo, ƙanina baffa ya tafi da shi wani gari, autarmu tana hannun kawu. Shekara shida ke nan ban sa su a ido ba. Ƙanin nawa an sa shi makaranta da sunan baffa, an kuma hana a yi masa zancenmu, wai kada hankalinsa ya tashi. Haka ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan iyayenku, 'yata.

Riƙon maraya babban lada ne, kuma idan babu gida ɗaya da zai iya ɗaukar nauyin yara uku, raba su ba haramun ba ne. Amma ba shi ne abin da ake fara dubawa ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, reno bayan uwa yana komawa ga kaka, sannan 'yar'uwar uwa, ba wai maza su zauna su kasafta yara kamar kayan gado ba.

Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Ali yara bayi biyu, wa da ƙani, ya sayar da ɗaya, sai Annabi ya ce ya maido shi. Da wannan Hanafiyya da Hambaliyya suka hana raba bayi 'yan'uwa ƙanana wajen sayarwa, Malikiyya kuwa suka taƙaita hanin ga uwa da ɗanta. To idan an ji tausayin bayi haka, ina ga marayun jininka?

Abu biyu a maganarki ba su halatta ba. Shafe sunan mahaifin yaro ya saɓa wa aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Wajibi ne baffa ya gyara takardun. Hana shi sanin ku kuma yanke zumunci ne. Yaron da aka hana yin zancen 'yan'uwansa bai manta ba, shiru kawai ya yi. Na sha ganin irinsu a makarantar allo, ana tashi suna rakuɓe a bakin zaure.

Kada ki tunkari baffa da faɗa, ya ci da yaron, ya tufatar da shi, yana da haƙƙi. Ki sami dattijon da yake jin nauyinsa ko limamin unguwarsu, a tsayar da magana: waya duk Juma'a, hutun makaranta da Sallah a haɗa ku a gida ɗaya. Idan ya ƙi, alƙali yana da hurumin shiga. Ranar da kika ga ƙanin naki, ki faɗa masa abin da Annabi Yusuf ya faɗa wa nasa: ni ɗan'uwanka ne, kada ka yi baƙin ciki.

Wallahu a'alam.