Igiya ko injin zarto: amsa ga mai neman shawara

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce shekara 2 kana hawan dogonyaro da mangwaro da barandami a kafaɗa ba tare da ka ɗaure jikinka ba, yanzu ka tara ɗan kuɗi kana tunanin ko injin zarto za ka fara saya ko igiya da ɗamara, kuma ko shuɗiyar igiyar kasuwa za ta wadatar. Shekarata 16 a wannan sana'a, a cikin garin Sakkwato da ƙauyukan Wamakko da Dange, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ka jingine zancen inji tukuna. Inji ana hayarsa, kuma galibin saran da ake kiranmu mu yi a gidaje, zarton hannu mai kaifi da barandami suna gama shi. Igiyar da za ta riƙe ranka kuwa ba a aronta, domin ba ka san inda ta kwana ba, ba ka san nauyin da aka taɓa ɗora mata ba.

Shuɗiyar igiyar nan ta roba ce, an yi ta ne don ɗaure kaya a mota da jan guga. Rana tana cinta har ka ga tana yin gari idan ka murza, kuma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 170 ba, wanda gogayya da reshe kaɗai kan iya kawowa. Wata rana a Mabera muna saukar da reshen dogonyaro da ya rataya bisa rufin kwano, yarona yana riƙe da igiya daga ƙasa, sai reshen ya fi ƙarfinsa, igiyar ta zame da gudu a cikin gwafa. Warin ƙonewar roba na fara ji kafin ƙarar tsinkewa. Reshen ya fasa kwano da silin, Allah Ya kiyaye babu kowa a ɗakin. Da na sauko na duba bakin igiyar, sai na tarar ya dunƙule yana ƙyalli kamar ledar da ta faɗa murhu. Kuɗin gyara ya cinye ladan aikin wata guda, amma abin da ya hana ni barci shi ne wannan igiyar ce na ɗaura a ƙuguna da safiyar ranar.

Igiyar hawa ta gaskiya da zaren poliyesta ake saƙa rigarta, tana da ciki da riga, kaurinta milimita 11 zuwa 13, kuma poliyesta ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250. Ka nemi mai ɗauke da alamar ingancin igiya ta Turai, wato EN 1891, nau'in A, wadda aka gwada cewa ba ta tsinkewa ƙasa da nauyin kilo 2,200 ko kusa da haka. Kada yawan ya ba ka mamaki, domin kowane ƙulli yana rage mata ƙarfi, fizga ma haka, tsufa ma haka. Mita 40 ta ishe ka a itatuwanmu. Kada ka sayi ta gwanjo ko da ta yi maka kyau a ido. Kuma igiya 2 ake riƙewa, ta rai da ta saukar da kaya, kowace da launinta, kada ta rai ta taɓa ɗaukar reshe ko sau 1.

Ɗamara kuwa, wadda ake zama a cikinta za ka nema, mai madaurin cinya da zobba a gaba da gefe. Irin ta magina mai zobe a baya an yi ta ne don tare wanda ya faɗo, ba a yini a cikinta ana aiki. Ka haɗa da ƙugiya mai kulle kanta wadda sai an yi mata motsi 3 take buɗewa, da hular kwano mai madaurin haɓa, da gajeriyar igiya ta kewaya kututture. Amfanin gajeriyar shi ne kada ka taɓa sara sai kana ɗaure a wuri 2, ta yadda idan kaifi ya sami ɗaya, ɗayar ta riƙe ka. Ka koyi ƙullin Prusik, wanda yake zamewa idan ka tura shi da hannu, ya cije idan ka sakar masa nauyinka, amma ka koye shi ƙafarka tana kusa da ƙasa har hannunka ya saba.

Ƙurar hunturu tana shiga cikin zare ta riƙa yankansa a hankali, don haka nakan wanke igiyata da ruwa zalla in shanya a inuwa, in ajiye ta a jaka nesa da fetur da ruwan batir. Kullum kafin in hau sai na bi ta da yatsu daga baki zuwa baki.

Sai dai igiya ba ta fi ƙarfin reshen da aka rataye ta ba. Dogonyaro yakan yi kyau a waje alhali gara ta rarake cikinsa, shi ya sa nake buga shi da ƙeyar barandami in saurara, idan ya amsa kamar ganga ba na amince masa. Kuka jikinta laushi ne, reshen da ya yi kauri ma ba abin dogaro ba ne. Ka tsaya ka dubi kogo ko ƙudan zuma na shiga da fita. Idan wayar lantarki mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 ta ratsa itacen, kada ka hau sai ma'aikatan Kaduna Electric sun kashe layin ka tabbatar, domin ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta.

Ka tambaya ko sana'ar tana riƙe gida. Tana riƙewa, amma da lokacinta. Kasuwarmu tana buɗewa daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da masu gida ke tsoron iskar farkon damina, kuma a lokacin ne zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Ni bayan asuba nake hawa, in sauko kafin ƙarfe 11, saboda jiri a sama ba ya sallama. Ka gama ciniki tun kana ƙasa, a gaban shaida: wa ke da icen, wa zai kwashe ganye, wa zai ɗauki asara idan an taɓa katangar maƙwabci. Sau da yawa kuɗin da masu gidan burodi da masu icen girki ke biya yakan kusa kamo ladan saran. Itacen bakin titi kuma ba a taɓa shi sai da izinin hukumar gandun daji.

Kada ka hau kai kaɗai. Ka samu yaro mai hankali a ƙasa wanda zai kori yara daga ƙarƙashi, kuma ya san yadda zai sauko da kai idan ka jikkata, domin wanda ya suma yana rataye a ɗamara ba ya jure jira. Idan ka sayi kayan, ka turo hoton alamar da ke bakin igiyar da ta jikin ƙugiyar in duba maka, sannan mu sa rana bayan la'asar mu haɗu a gindin wata tsamiya mai gajeren reshe in nuna maka ƙullin da hannu.