Amsar Kawu Kan Manoman Bukka na Ingila da Sikotland

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce a darasin tarihi kana ta cin karo da cottar, bordar da crofter, kana tambaya ko bayi ne, ko kuma duk abu ɗaya ne. Ba bayi ba ne, kuma akwai bambanci.

Cottar daga cot ya fito, wato bukka a tsohon Turanci. Bordar kuwa daga borde, ita ma bukka ce amma a tsohon Faransanci, mutanen Nomandi, wani yanki na arewacin Faransa, suka shigo da kalmar bayan sun ci Ingila a 1066. Ka lura, da ɗakin kwanansa aka raɗa wa mutum suna, don ba shi da gonar kirki da za a san shi da ita. A ƙidayar da Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka yi a 1086, an rubuta su daban da bayi. Wani rubutu da ya girmi wannan ƙidaya ya fayyace sharaɗin cottar: a ba shi eka 5, ba ya biyan kuɗin ƙasa, amma duk Litinin aikin mai ƙasa zai yi, da kaka kuma kwana 3 a mako. Kusan gayauna ce a wurinmu. Ba ta riƙe iyali shekara, dole a haɗa da ƙwadago.

Crofter ne ya fi ba ni tausayi da sha'awa. Croft ƙaramin fili ne mai shinge, mai riƙe da shi da haya shi ne crofter. Tun ƙarshen ƙarni na 18 masu ƙasa a arewacin Sikotland suka riƙa tashin ƙauyuka don kiwon tumaki, suka tura mutane bakin teku kan 'yan filaye masu duwatsu, da haya. A 1882 mutanen tsibirin Skye suka yi tirjiya har da jifan 'yan sanda, aka kafa kwamitin Napier a 1883 don binciken koke-kokensu, dokar 1886 ta hana a kori crofter muddin yana biyan hayarsa.

Shi cottar na can, a gefen filin crofter yake raɓe, da ɗan kuyyan dankalinsa, wani lokaci da saniya ɗaya. Sunansa ba ya cikin littafin haya, saboda haka dokar ta tsallake shi. Wannan ne bambancin da malaminku zai so ka kawo.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan Sallah.

Kawunka